Baƙon Daren Ruwan Taurari

Tun rana ba ta gama faɗuwa ba Injiniya ya ja ƙofar shago ya datse, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Ba wani injiniya ba ne na takarda. Gyaran talabijin da rediyo yake yi, yana kuma ɗaura wa mutane dish a kan rufi. 'Yan unguwa ne suka ɗora masa sunan, shi kuma bai ga dalilin saukewa ba. Ya hau matakalar benensu da naɗin waya a kafaɗa, 'yarsa na biye da shi rungume da kwali.

Ita kaɗai Allah Ya ba su, ta kusa gama sakandare, kuma a faɗar uwarta tun tana rarrafe uban ya lalata ta. Shi mutum ne da finafinan sararin samaniya suka cinye wa zuciya tun yana saurayi, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗakin yarinyar cike yake da kumbunan da suka ƙera da hannunsu daga matattun rediyoyi da gwangwanaye, suna lilo daga silin a jikin zare. Akwai hular 'yan sama jannati da suka yi da murfin fanka. Shi ya raɗa mata Kyaftin, sunan ya bi ta har makaranta.

An sanar cewa a daren nan za a yi ruwan taurari, irin wanda ake ganin su suna tsinkewa suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. A zauren hirarsu na waya, na masu son irin waɗannan finafinai, aka yi shawarar wasa: kowa ya shirya filin saukar baƙi daga wata duniya a saman gidansa, ya aika musu da gaisuwa, wanda nasa ya fi kyau shi ne gwani. Injiniya da Kyaftin ba su iya yin abu rabi da rabi ba. Suka zagaye tsakiyar rufin da ƙananan fitilu, suka kwantar da tsohon dish bakinsa na kallon sama, suka haɗa shi da wata 'yar na'urar aika murya da ya tono a ƙasan tarkacen shago.

Matarsa ta leƙo da tiren shayi, ko kayan aikinta na asibiti ba ta cire ba, domin nas ce. Ta dubi fitilun, ta dubi mijinta a durƙushe da furfurarsa yana liƙe waya.

"Allah Ya shirya," in ji ta. "In baƙin naku sun sauko, ku ce musu gas ya kusa ƙarewa, su taho da nasu."

Ta sauka tana dariya. Duhu ya shigo a hankali, hayaniyar titi ta lafa, sai kukan janareta daga nesa. Suka kwanta rigingine a kan bargo. Ba a jima ba tauraro na farko ya tsaga sama, fari fat, ya mutu ba ƙara. Na biyu ya biyo shi, sai suka fara zubowa ta ko'ina. Kyaftin tana ihu tana dukan kafaɗar ubanta, shi kuma ya ji farin cikin da ya daɗe bai ji irinsa ba, har idonsa ya kawo ruwa.

Ta ɗauki makirufo ta gyara murya. "Duk wanda ke can sama, muna gaishe ku. Mun kunna muku fitila. Ku sauko." Ta miƙa masa. "Baba, kai ma ka faɗi wani abu mana."

Ya karɓa yana dariya, ya kumbura murya irin ta shugabannin cikin fim. "Ni ne mai gidan nan, kuma na yarda. Duk wanda ya sauko baƙona ne. Ci da sha da makwanci duk a kaina, ba mai korarsa."

Bai gama ajiye makirufon ba wani tauraro ya faɗo, ja ne shi ba fari ba, kuma ya daɗe kafin ya mutu. Fitilun rufin suka dushe gaba ɗaya, suka dawo. Iska ta tsaya cak. Janaretan nan na nesa ya yi shiru, karnukan layin baya ma suka yi shiru, sai wani ƙauri da ya cika rufin kamar an babbaka gashi. Injiniya ya shinshina wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ƙone.

"Kyaftin, kin ji ƙauri?"

Ta ja bargo ta rufe kanta, ta dunƙule wuri guda. Da ya taɓa ta sai ya ji jikinta zau kamar dutsen guga.

"Baba, mu shiga ciki," in ji ta, murya ƙasa ƙasa. "Sama ta yi yawa."

Washegari ba ta je makaranta ba. Ƙishirwa ta kama ta, irin wadda ba su taɓa gani ba: ta shanye kofi, ta shanye jug, ta kafa baki a famfon banɗaki, leɓunanta kuma suna tsattsagewa kamar ba ta ɗiga komai ba. A kafaɗarta ta hagu wani tabon ƙuna ya fito, zagayayye, alhali rigar da ta kwana da ita ko alamar wuta babu. Uwar ta kai ta asibitin da take aiki. Daga ƙofar gida zuwa mota sai da suka lulluɓe ta da bargo, domin ta ƙi fita ƙarƙashin sama, tana tirjewa da ƙarfin da ba nata ba. Aka ɗebi jini, aka ƙara mata ruwa, aka yi hoto. Likita ya juya takardu ya ce bai ga komai ba, su dawo in ya ci gaba.

Da magariba aka fara jifa. Na farko a kan rufi ya sauka, tim, Injiniya ya ɗauka yaran maƙwabta ne, ya fita da zagi a bakinsa ya tarar da layin wayam. Na biyu a falo ya faɗo, tagogi a rufe, silin ko tsaga babu. Ya mirgina ya tsaya a ƙafar kujera. Ɗan baƙin dutse ne kamar ƙwan tantabara, da ya kai hannu sai ya janye, domin da ɗuminsa.

Haka kwanaki suka bi juna. Da rana gidan shiru, da faɗuwar rana duwatsu. Kumbunan da ke ɗakin Kyaftin sukan juya a jikin zarensu ba iska, duk hancinsu ya kalli ƙofa. A shago da ke ƙasan benen, rediyoyin da ba batir ba waya sukan kama huci a tare, cikin hucin kuma ana jin muryoyi da yawa suna kiran wani suna da kunne ba ya iya riƙewa. Kyaftin ta bar gadonta ta koma ƙarƙashin teburin karatu, ta rufe kanta da hannuwa. Tana shan ruwa tana bushewa, wuyan hannunta ya koma kamar na 'yar goye.

Injiniya ya bi gidan da mitarsa lungu lungu, don shi a duniyarsa duk abin da ya lalace akwai wayar da ta tsinke. Ya kwance dish, ya tattara fitilun, ya canza soket. Tsoro yake ji, tsoro mai tsanani, amma muddin sukundireba na hannunsa yana iya ce wa kansa aiki yake yi. Wata magariba ya durƙusa gaban teburin da kofin ruwa.

"Kyaftin, tashi ki sha."

Ta ɗago kai. Idanun nata ne, kallon ba nata ba. Bakinta ya buɗe, muryarsa ce ta fito, tasa ta kansa, a kumbure irin ta shugabannin cikin fim, har da 'yar dariyar da ya yi a ƙarshe.

"Ni ne mai gidan nan, kuma na yarda. Ci da sha da makwanci duk a kaina."

Kofin ya suɓuce masa. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa gori ba, kuma hakan ya fi masa ciwo.

"Na yi iyakar nawa, kai ma ka yi iyakar naka," in ji ta. "Ajiye ƙarfen nan ka je ka ɗauko Malam."

Malamin tsoho ne siriri, mai tabarau mai kauri, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa kafin gwiwoyi su zaunar da shi. Ya hau matakalar yana hutawa yana mita, ya ce duk aljanin da ya zaɓi saman bene bai da tausayin tsofaffi. Da ya shiga falo sai wasan ya bar fuskarsa. Ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ya jujjuya, ya sa Injiniya ya ba shi labari tun daga farko, bai katse shi ba har ya kai ga maganar makirufo.

"Ɗana, kai da kake kallon sama kullum, ba wanda ya taɓa gaya maka abin da ake jifa da taurarin nan?" Ya cire tabarau ya goge. "Aljanu masu hawa satar jin labarin sama ake kora da su. A daren da wuta ke bin su suna neman inda za su sa kansu, ku kuma kuka kunna fitila, kuka ce a sauko. Kai da bakinka ka ɗauki nauyin ci da sha. To, ga shi yana sha."

"Malam, wasa muke yi."

"Kai ka san wasa ne. Magana zarar bunu ce." Ya ajiye dutsen. "Wannan jifar ma ba tasa ba ce. Danginsa ne a waje suke kiransa ya fito, ya ƙi, yana tsoron sama. Yanzu ku saurare ni, ku biyun. Zai yi magana, kuma ya iya magana. Kome ya ce, kada wanda ya tambaye shi komai. Tambaya ɗaya ciniki ce: ya ba ku amsa, ku kun ba shi zama. Yarinyar nan kuwa ba ta da sauran ruwan da za ta ba shi."

Aka kawo masa kujera har ɗakin Kyaftin, aka ajiye kwanon ruwa a gefensa. Rana ta faɗi. Ya fara karatu a hankali, murya ba hayaniya, kamar mai lallashin jariri. Dutse ya sauka a kan rufi, wani ya biyo shi, sannan suka ɗauke gaba ɗaya, shirun ya fi jifar nauyi. Kumbunan suka fara juyawa. Malam ya tsoma yatsu a kwano ya yayyafa ƙarƙashin teburin, ruwan ya yi cuu a fatar yarinyar, tururi ya tashi.

Ta fito da rarrafe, ta zauna ta tanƙwashe ƙafa irin zaman da ba ta taɓa yi ba. Muryar da ta fito busasshiya ce, tsohuwa, mai gajiya.

"Tsoho, daina. Ban fasa ƙofar kowa ba. Kirana aka yi."

"Na sani," in ji Malam. "Amma baƙo raɓa ne. Kai kuwa ka zauna kana kashe 'yar masu gida."

"Wuta ce a kafaɗata. In ta mutu zan tafi."

"Kafin ta mutu yarinyar ta mutu. Yau za ka fita."

"Ta ina?" Kan yarinyar ya karkata zuwa silin. "Taurarin suna nan. Da rana ma suna nan, ku ne ba ku ganinsu. Tambayi maigida, ya sani."

Injiniya ya sani, gaskiya ce, kuma jin gaskiya daga wannan bakin ya sa tsigar jikinsa ta tashi.

"Akwai hanyar da ba ta ganin sama," in ji Malam. "Magudanar banɗaki. Ta ƙarƙashin ƙasa take bi har bayan gari. Danginka su tare ka a can."

Aka yi dariya da bakin yarinyar, dariya mara daɗi. "Ni da na hau inda tsuntsu bai taɓa kaiwa ba, ka ce in bi kwata?"

"Wanda ya faɗo ba ya zaɓen hanya."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗan ɗaga murya. Yarinyar ta gantsare, tabon kafaɗarta ya yi ja ta cikin riga.

"Tsaya! Na ji, zan bi. Amma ba kai ka sauke ni ba, ba kai za ka sallame ni ba. Wanda ya ce ba mai korata, shi zai kore ni da bakinsa."

Malam ya juya ya dubi Injiniya. "Wannan haƙƙinsa ne. Matso, ɗana. Faɗa masa ka janye, iyakar abin da za ka faɗa ke nan."

Injiniya ya durƙusa a gabanta. Fuskar 'yarsa ce, da ɗan tabon da ta samu a haɓa ranar da ta faɗo daga keke. Idanun suka tsaya a kansa, muryar ta yi laushi.

"Mai masaukina. Na ga kayan wasanku a rataye, na ji tausayinka. Tun kana yaro kake ɗaga kai kana tambaya ko akwai wani a can. Ni na je. Na wuce abin da madubinku na hangen nesa ke gani, na ga abin da ke bayansa. Duk masu yi muku finafinan nan ba wanda ya hasko ko gefensa. Ba sai ka biya ni komai ba. Tambaya kawai."

Abin kunya ne, amma gaskiya ce: tambayar ta taso masa har maƙogwaro. Shekara da shekaru yana ɗauke da ita, ga mai amsa a gabansa, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Ya ciji harshensa har ya ji gishirin jini. Ya dubi leɓunan yarinyar da suka tsage, ya haɗiye.

"Ba ka so? To, ga wata." Muryar ta ƙara yin ƙasa. "Kafin wutar ta same ni na ji abu guda. Na ji ana ambaton 'yarka. Abin da aka rubuta mata na ji, kuma abu ne da uba zai so ya sani tun da sauran lokaci."

Uwar ta zabura daga bakin ƙofa. "Wayyo Allah, me aka…"

Injiniya ya yi tsalle ya toshe mata baki da tafin hannunsa. Ta yi ta fizga, hawayenta na bin yatsunsa, shi ma tambayar da ke bakinta ita ce a nasa. Idan ciwo ne da za a iya tarewa fa? Idan hanya ce da za a hana ta bi? Ya dubi Malam yana neman agaji, Malam kuwa karatunsa kawai yake yi. Wannan ba aikin Malam ba ne.

Bai saki bakin matarsa ba ya yi magana, da muryarsa ta kullum, wadda yake gaya wa mai talabijin cewa ba ta gyaruwa.

"Ni ne mai gidan nan. Na janye maganata. Ba ci, ba sha, ba makwanci. Fita ka bar mini 'yata."

Yarinyar ta miƙe tsaye kamar an ja ta da igiya. Ta bi ta tsakaninsu, zafinta na dukan fuskokinsu, ta shiga banɗaki ta durƙusa a bakin magudana. Ta waiwayo, aka yi murmushi da bakinta.

"Ka yi rowa, mai masaukina, amma ni ba zan yi ba. Ga tukuici. An ce yarinyar nan, kafin ta…"

Nan maganar ta tsaya. Aka yi 'yar dariya, magudanar ta yi gurnani kamar an tuttula mata tafasasshen ruwa, tururi mai ƙauri ya cika banɗakin. Kyaftin ta sulale, uban ya tare ta kafin kanta ya bugi ƙasa. Jikinta ya yi sanyi, gumi ya karyo mata, na farko tun daren da abin ya fara.

A bakin matakala Injiniya ya riƙe hannun Malam. "Kafin ta me, Malam?"

"Ni ma kada ka tambaye ni." Tsohon ya dafa kafaɗarsa. "Gaskiya ɗaya suke tsinta su naɗe ta da ƙarya ɗari. Mai yiwuwa bai ji komai ba, ya dai ga inda zai soke ka ne ya soka. Mai yiwuwa kuma ya ji. Kowane uba da rabin maganar nan yake kwana, ɗana, kai dai an faɗa maka ita a kunne."

Ba a sake jifa ba. Bayan kwana biyu Kyaftin ta zauna a kan gado ta ci abinci, ta sha ruwa rabin kofi ta ajiye sauran. Ba ta tuna komai sai zafi da duhu, uwarta ce ta ba ta labari, ta tsallake abin da ta tsallake. Da yamma uban ya shigo ya zauna a gefen gadon. Ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, Mama ta ce wai ya je can. Can sama sosai."

"Haka ya ce."

"Ya kuma ce ka tambaye shi duk abin da kake so?"

"Ya ce."

"Kai, Baba!" Muryarta ta ɗan farfaɗo, har da haushi irin nata na da. "Kai fa. Wani ya zo daga can har ɗakin nan, ka bar shi ya tafi ba ka tambaye shi ko abu ɗaya ba?"

"Ko ɗaya."

Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta ga fuskarsa, ta fasa. Ta kamo hannunsa ta riƙe, ta kwanta, ba a jima ba barci ya ɗauke ta. Matarsa ta leƙo ta ce abincinsa na hucewa. Ya ce ta rufe masa, yana zuwa. Bai je ba. Ya zauna a nan hannunsa cikin nata yana sauraron numfashinta, in ta ja ɗaya sai ya jira na gaba.